Abin da babanku ya ƙi rubutawa

Na san abin da aka gaya muku a wurin bikin nan na Peckham. Maryam ta dawo ta same ni a kicin, ta ce wata dattijuwa ta nuna ta da baki ta ce wa ta kusa da ita, wai ga 'yar likitan nan da ya juya wa kawunsa baya bayan ya gama cin arzikinsa. Ban ba ta amsa ba a ranar. Babanku ya hana ni tayar da wannan magana tun yana da rai, na kuma riƙe masa har ƙasa ta rufe shi. To yanzu shi ya tafi, Kawu Inuwa ya tafi, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini gargaɗi. Gara ku ji daga bakin wadda aka yi abin a gabanta.

A lokacin muna zaune a Thamesmead, a wani flat na council, wato gidan haya na hukuma, da ke hawa na sama, inda iskar kogi ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ko da an cusa tsumma. Gidajen duk siminti ne, kala ɗaya, har sai da na daɗe kafin in daina ƙwanƙwasa ƙofar mutane. Babanku yana ƙaro ilimin likitancin ƙwaƙwalwa a wani babban asibiti a Camberwell, gwamnatin jiharmu ce ta turo shi. Kullum sai ya hau bas biyu kafin ya isa. Shekarun kuɗin mai ne. Mutanen gida suna zuwa Landan kamar masu zuwa kasuwar ƙauye, su zo da akwati ɗaya su koma da motar kaya. Mu dai ba mu ga kuɗin man ba sai a jikin baƙi, amma ba mu damu ba, don mun san zaman na ɗan lokaci ne, za mu koma gida a ba babanku aiki.

Kawu Inuwa wan Inna ne, wato kakarku ta wajen uba. Da kakanku ya rasu babanku yana ƙarami, Kawu ne ya ɗauke shi, ya sa shi makaranta, ya riƙa tsare shi da karatu a zaure. Shi ne ya je gidanmu nema masa aurena. Tsohon malamin makaranta ne, mutum mai sanyin murya, wanda in ya ja salla sai ka ji ba ka so a sallame. Da sojoji suka miƙa mulki ya tsaya takara ya ci, aka kuma naɗa shi jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin jiharmu. Ranar da labari ya iso mana babanku ya yi nafila. Hoton Kawu na rataye a falonmu, sama da rediyo.

Cikin hunturun shekarar sai aka aiko cewa Kawu na tafe da ayarin 'yan majalisa, wai za su duba kayan aikin da aka saya wa sababbin asibitocin karkara. Ya ce ranar Lahadi a gidanmu zai ci abincin rana, ya gaji da dankalin Turawa. Na hau bas na je Peckham na nemo garin shinkafa da tattasai da naman rago. Shi kuma ya aiko direba da saƙon Inna, kuka da daddawa da kilishi, an ɗaure a tsohon zanenta da na sani. Na daɗe ina shinshina zanen kafin in kwance.

Su uku suka zo. Da na buɗe ƙofa na ga wanda ke bayan Kawu sai da na ja da baya. Alhaji Tukur ne, jagoran 'yan adawa a majalisar, mutumin da duk ɗalibin da ya zo daga gida sai ya ba mu labarin yadda yake zagin Kawu a rediyo, yana kiransa ɓarawo mai carbi. A garinmu an yi sare-sare tsakanin magoya bayansu, har ɗan maƙwabcinmu ya rasa ido. Ga su nan a ƙofata suna raha, Alhaji Tukur na riƙe wa Kawu malafa. Na ukunsu wani siririn mutum ne cikin kwat da ta yi masa yawa, aka ce sunansa Malam Ayuba, tsohon hedimasta, ɗan jam'iyyar Kawu ne, kuma Kawu ne ya jawo shi siyasa.

Kawu da Alhaji Tukur a kwano ɗaya suka ci. Malam Ayuba bai ci da yawa ba. Tambayoyi yake ta yi wa babanku, yaya na'urar ɗaukar hoton ƙirji take, a ina ake sayar da ita, ana iya zuwa a gani da ido. Ya ce tun da suka sauka an kai su wurin teloli da masu sayar da motoci da agogo, amma ko gadon asibiti ɗaya ba a nuna musu ba. Kawu ya yi murmushi ya ce masa sanyi ne ke damunsa, ya bi direba ya mayar da shi masauki ya huta. Ya tashi ya yi mini godiya, ya tafi.

Na kawo buta da tasa don su wanke hannu. Na durƙusa gaban Kawu, ya miƙo hannayensa, ina zuba ruwa ya fara magana. Bai rage murya ba, bai ce in ba su wuri ba.

“Sani, gobe zan sa a kawo maka Malam Ayuba asibiti ka duba shi.”

“Me ke damunsa, Kawu?”

“Ai kai za ka gaya mana. Mutum ba ya barci, yana magana shi kaɗai, kowa ya gani sai ya ce ɓarawo ne. Ku a aikinku wannan ba shi da suna?”

Babanku ya ce shi bai ga alamar komai ba a zaman da suka yi. Sai Alhaji Tukur ya yi dariya, yana sakace da tsinken ashana.

“Likita, 'yar takarda kawai muke so, da tambarin asibitin Turawa. In ta fito daga Landan wa zai yi musu? Doka ta ce mai taɓin hankali ba ya zama a majalisa. Shi ke nan, mun huta, shi ma ya huta.”

Daga nan Kawu ya yi bayani, a hankali, kamar mai koyar da lissafi. Asibitin da aka ce an gina an buɗe a mazaɓar Malam Ayuba bango ne kawai babu rufi. Kayan da suka zo dubawa babu su, ba a taɓa sayen su ba. Kamfanin da aka ba aikin na su biyun ne, da sunan surukansu. An sa Malam Ayuba cikin tafiyar ne don ya ɗanɗana ya yi shiru, an yi masa tayin mota da kujerar Makka ga iyayensa, ya ƙi. Ya rantse in an koma zai miƙe a zauren majalisa ya faɗi komai.

Ruwan butar ya ƙare ban sani ba, ina ta riƙe da ita a karkace. Kawu ya dube ni ya ce, “'Yata, tawul.” Na miƙa masa. Ya goge hannu, ya yaba miya, ya tambaya ina alƙibla, ya ja mu sallar la'asar da muryar nan tasa. Ina bayansu ban san abin da na karanta ba.

Abin da babanku ya iya cewa kafin su tafi shi ne, “Kawu, bari in gan shi tukuna.” Wannan kalma ta bi shi har kabari, za ku ji dalili.

Da suka fita na tsaya a tsakiyar falo. Na ce, “Likita, ko dai ban ji daidai ba?” Ya ce, “Kin ji daidai, Dije.” Ya naɗe hannun riga ya shiga kicin ya hau wanke kwanuka, abin da bai taɓa yi ba. Ina jin ƙarar ruwa har aka yi magariba. Ni kuwa zama na yi ina kallon hoton bango, ina neman inda mutumin hoton ya rabu da wanda na zuba wa ruwa, ban samu ba. Fuska ɗaya ce, murmushi ɗaya.

Washegari sakataren ayarin ya kai Malam Ayuba asibiti. An gaya masa kowa ana duba lafiyarsa ne kafin a koma. Babanku ya zauna da shi, ya yi masa duk tambayoyin da aiki ya ce a yi, sannan ya ajiye alƙalami ya gaya masa lafiyarsa ƙalau, ya kuma gaya masa abin da aka shirya. Ya ce da farko Malam Ayuba dariya ya yi, ya ce ai Alhaji Inuwa uba ne a wurinsa, faɗa dai suke yi irin na ɗa da uba. Sai da babanku ya maimaita masa kalmomin Alhaji Tukur sannan ya shafa aljihunsa, ya tuna fasfonsa na hannun sakatare tun ranar da suka sauka.

A gidanmu Malam Ayuba ya riƙa kwana daga ranar. Ba shi da komai sai kwat ɗin nan ta aro. Yakan zauna kusa da hita ya ɗora Maryam a cinya yana koya mata baƙaƙe, ita kuma tana ba shi amsa da Turanci yana dariya. Wata rana ina tankaɗe na kasa haƙuri na tambaye shi, me ya sa ba zai karɓi motar ya yi shiru ba, tunda ga abin da ke shirin samunsa.

Ya ce, “Uwargida, matata ta fari a bayan akori-kura ta rasu, tana naƙuda, muna hanyar asibitin birni. Da na tsaya takara mutane ba su tambaye ni komai ba sai asibiti. Sun ji a rediyo an ce an buɗe. Wasu daga ƙauyuka sun ɗauko marasa lafiya sun zo, suka tarar awaki ne a ciki. In na koma da mota, ta wace hanya zan bi da ita?”

Babanku ya ce in shirya mu je wurin Kawu tare, ko ganina da goyo zai sa ya sassauta. Mu a zatonmu otal yake. Direba ya kai mu wata unguwa a arewacin Landan mai itatuwa, ya tsaya a ƙofar wani gida mai lambu. Mai aikin da ta buɗe mana ta ce maigida na sama. Gidan Kawu ne, ya saya. Mutumin da na sani da keke da riga biyu. A falo kwalaye ne jibge har rufi, talabijin da firji da darduma, kowanne an rubuta sunan wani ɗan majalisa a jiki, na jam'iyyarsa da na adawa a haɗe.

Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya karɓi Aliyu daga bayana yana yi masa wasa. Babanku bai ɗaga kai ba ya yi magana.

“Kawu, na duba shi. Lafiyarsa lau. Ba zan iya rubuta abin da ba haka ba.”

“Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?”

“Ba zan yi ba, Kawu. Ku yi mini aikin gafara. Duk abin da kuka sa ni a duniya zan yi, ban da wannan. In na rubuta, mutumin nan ya mutu yana tafiya. Ba mai sake ba shi aiki, ba mai auren 'ya'yansa.”

Na zaci Kawu zai yi faɗa. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Sai ya ci gaba da jijjiga Aliyu a gwiwarsa, ya ce, “Ni na koya maka riƙe alƙalami, Sani. Yau na ce ka ara mini shi sau ɗaya. Kana ganin ni kaɗai ne? Gaba ɗaya majalisar ce a cikin kwalayen nan. In yaron nan ya yi magana ba ni kaɗai zan faɗi ba, jam'iyya ce, kuma sojoji na nan suna jira. Kai ka zauna cikin Turawa ka manta yadda ake riƙe jama'a.”

Babanku ya ce, “Ku kuka koya mini kada in yi shaidar zur. A zaure, da bulala.”

Kawu ya miƙo mini Aliyu. Ya ce, “To, Allah ya ba da sa'a. 'Yata, ku gaida gida.” Ya kira mai aiki ta raka mu. Direba bai mayar da mu ba, a jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas muka koma.

Na ɗauka an gama, tunda babu takarda. Ashe ban san komai ba. Ayari ya koma gida ya bar Malam Ayuba, sakataren da ya rage a Landan ya yi ta yi masa yawo da hankali a kan fasfo, yau a ce yana wurin wane, gobe a ce an manta da shi a jaka. Kafin ya samu ya hau jirgi majalisa ta riga ta zauna. Ranar da aka kai shi wurin babanku, ashe sakatare ya ɗauki hotonsa a ƙofar asibitin, allon sunan sashen masu taɓin hankali na bayansa. Wannan hoton aka zagaya da shi. Aka samo wani likita a gida wanda bai taɓa ganinsa ba ya sa hannu. Kawu ya miƙe a zauren majalisa, aka ce har da hawaye, ya roƙi a yi wa ɗan'uwansu addu'a, ciwo ya kama shi a ƙasar sanyi. Alhaji Tukur ya tashi ya mara masa baya, aka yi ta yaba musu cewa sun ajiye siyasa saboda tausayi. Da Malam Ayuba ya iso ya je ƙofar majalisa yana ɗaga murya yana cewa a saurare shi, 'yan sanda suka riƙe shi, mutane suka taru suna girgiza kai suna cewa ashe gaskiya ne.

Ɗalibin da ya kawo mana labarin bai san muna ciki ba, yana ba mu yana cin tuwo. Babanku ya tashi ya bar falon. Daga baya ya ce mini, “Da ban ce a kawo shi ba, da ba su sami hoton ba.” Na ce da sun sami wata hanyar. Ya ce ya sani. Amma bai taɓa daina faɗin haka ba.

Namu rabon bai daɗe ba ya iso. Aka dakatar da tallafin karatunsa, aka ce ba a bukatarsa a asibitocin jiha. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya karya shi kaset ne. A lokacin Inna ba ta rubutu, sai ta yi magana a kaset a ba mai tahowa. Muka sa a rediyo muna murna, yara suka matso su ji muryar kaka. Babu gaisuwa. Kuka take, tana cewa, “Sani, me Yaya ya yi maka? An ce ka haɗa kai da mahaukaci za ku kai shi kurkuku. An ce ka zage shi a gaban matarka. In nonon da ka sha nawa ne, ka je ka durƙusa ka ba shi haƙuri, ka yi masa abin da ya ce. In ba ka yi ba kada ka sake aiko mini da komai.” Babanku ya ɗauki nasa kaset ya yi mata bayani tiryan-tiryan, ya ba wani ya kai. A gidan Kawu Inna take zaune. Ba mu taɓa sanin ko ya isa kunnenta ba. Ta rasu ba su sake magana ba, kuma sai bayan an yi sadakar bakwai wani ya ga dama ya gaya mana.

Haka zaman ɗan lokaci ya zama zaman rayuwa. Babanku ya riƙa karɓar aikin cike gurbi a asibitoci daban-daban don ya ƙarasa karatun. Maƙwabciyarmu Naomi, mutuniyar Jos, ita ta samo mini aiki a wurin wankin kayan asibiti, ita ke riƙe mini ku in na fita. Mutanenmu da ke cika falonmu da Sallah suka ɗauke ƙafa, don kowa na da ɗan'uwa mai neman wani abu a wurin Kawu. Na sauke hoton bangon da hannuna. Babanku ya gani, ya hana ni yar da shi.

Sai bayan shekaru da yawa muka taka gida. Babanku bai huta ba sai da ya nemo garin Malam Ayuba. Muka same shi ya tsufa, yana noma, da yamma yana koya wa manya karatu a zaurensa ba da ko sisi ba. Yara a unguwar suna kiransa Ayuba Landan, shi kuma yana amsawa. Ya riƙe hannun babanku ya ƙi saki. Ya ce akwai lokacin da shi kansa ya fara shakkar kansa, tunda gari duka ba za su yi ƙarya ba, sai ya tuna akwai likita ɗaya da ya dube shi da gaske. A mota babanku ya ce mini wannan bai mayar wa mutumin da komai ba.

Kawu kuwa, da sojoji suka dawo an tsare shi na ɗan lokaci aka sake shi. Ya koma dattijon ƙasa, ana zuwa neman shawararsa. Can da tsufa ya kama shi aka kawo shi Landan jinya, ɗansa ya bugo waya yana in-ina, ya ce ba su san kan asibitocin nan ba. Babanku ya ɗauki kwat ya fita. Shi ya yi ta zirga-zirga da shi, ni kuma ina dafa kunu ina kaiwa. Jikin Kawu ne ya gaza, amma kansa garau yake. Yana tuna sunan kowane hakimi da wanda ya gada, yana gyara wa jikokinsa karatun Alƙur'ani daga kan gado.

Wata rana da hantsi muna mu uku a ɗakin, babanku ya matsa kusa da shi.

“Kawu, akwai abin da nake so in roƙe ku. Malam Ayuba na nan da rai. Ku aika a nema muku gafararsa tun da sauran lokaci.”

Kawu ya juyo ya dube shi. Ya ce, “Wane Ayuba?”

Na zuba wa fuskarsa ido, ina neman alamar ko basarwa yake yi. Wallahi babu. Tambaya yake da gaske. Mu mun rasa gida, mun rasa Inna, wancan ya rasa sunansa a duniya, shi kuwa abin bai ko zauna masa a rai ba. Babanku ya tuna masa, asibitin karkara, tafiyar Landan, hoton. Kawu ya yi ta lalube, can ya gyaɗa kai.

“Af, malamin makarantar nan mai taurin kai. Allah sarki. Ashe yana nan.” Ya gyara kwanciya. “Sani, shayin nan ya huce. A sake mini wani.”

Na dubi babanku. Hannunsa na kan ƙarfen gado. Ya daɗe a haka, sannan ya miƙe ya ɗauki kofin, ya je ya haɗa masa wani, ya tallafo kansa ya ba shi a baki.